Dezza Sarkin Sauraro

Shekara goma sha ɗaya teburina yana manne da na Desmond Culhane a ofishin ƙaramar hukumar Wirrabinda, kuma ban tuna ranar da na kai ƙarshen wata magana tawa a gabansa ba. In ka ce masa ka kama kifi, kafin ka nuna tsawonsa shi ya riga ya kama kada. In ka ce masa kakarka ta rasu, tasa sau biyu ta rasu. Dezza muke ce masa. Ni kuwa Lorraine, ni ce a kanta, inda jama'a ke kawo kukansu: ba a kwashe shara ba, karen maƙwabci ya hana su sakat, titi ya faffashe.

To, wannan bawan Allah ne aka tura Brisbane, babban birnin jiharmu, kwas na kwana biyu a kan yadda ake sauraron mutane. Glenys, shugabar ma'aikata, ta ce ta zaɓe shi ne don shi ya fi kowa bukata. Dezza ya ce an zaɓe shi ne don shi ya fi kowa baiwa.

Ya dawo ran Litinin da takardar shaida a cikin firem, ya jingina ta da tulun sukari lokacin shayin safe, ya bubbuga kofi da cokali.

"Jama'a, kun san me ya sa aka yi mutum da kunne biyu, baki ɗaya?"

"Kai dai wajen naka an yi kuskuren rabo," in ji Trevor, shugaban masu gyaran titi, bakinsa cike da biskit.

"Tambaya ce mai kyau, mutumina," in ji Dezza, ko da yake ba wanda ya yi tambaya. Daga nan ya yi mana minti arba'in yana bayani a kan amfanin yin shiru. Shayi ya huce. Noeleen ta sashen izinin gini ta ɗaga hannu sau uku, ta gaji ta sauke.

Da muka koma tebur sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya, irin ƙasa da muryar da ake ji har bakin titi.

"Lorraine, kujerar nan tawa ce."

Shugaban sashenmu ya ajiye aiki a watan da ya wuce, ya bar kujera da ofis mai ƙofa, da mota, da wurin ajiye ta a inuwa. Wanda ya taɓa riƙe sitiyari a garinmu cikin zafin watan Disamba ya san inuwar nan ta fi albashin daraja. Mutum uku suka nema: Noeleen, Trevor, da Dezza. Noeleen da Trevor kuwa shekara shida suna yaƙi a kan na'urar sanyaya ofis. Ita ta kashe, shi ya kunna. Ita ta ce masa daƙiƙin bijimi, shi ya ce mata ƙadangaruwa mai neman rana.

"Su biyun baki suke da shi," in ji Dezza. "Ni kunne nake da shi. Dabara huɗu aka koya mana. Ka kafa wa mutum ido. Ka gyaɗa kai kowace daƙiƙa uku. Ka maimaita masa ƙarshen maganarsa. Ka kwaikwayi zamansa. Shi ke nan, sai ya zazzage maka cikinsa kamar buhun da aka farke. Nan da Juma'a sirrin kowa yana aljihuna."

"To a ina ake jin abin da mutumin ya faɗa?"

"Ya faɗa," in ji Dezza, ya kafa mini ido, ya fara gyaɗa kai.

"Dezza, akwai wani abu a haƙorina ne?"

"Haƙorina ne."

"In ba ka ɗauke idon nan ba zan sa masa biro."

Ya buɗe wani ɗan littafi ja ya rubuta wani abu. Na leƙa. Ya rubuta: *Lorraine ta fara sakin jiki.*

Da hantsi sai ga Misis Farrugia, tsohuwa 'yar shekara tamanin, ta shigo da sandarta. Kafin in miƙe Dezza ya riga ya ture ni ya tsaya a kanta.

"Ina Lorraine?" in ji ta.

"Yau babba ne zai saurare ki, Misis Farrugia. Faɗi duk abin da ke ranki."

"Bishiyar ƙofar gidana ce. Marigayi mijina ya dasa ta shekarar da muka yi aure. Reshe ɗaya ya kai ga wayar lantarki, fararen akun nan kuma sun mayar da shi filin wasa. Reshen kawai nake so a rage. Kada wanda ya kuskura ya ce zai sare bishiyar."

"Sare bishiyar," in ji Dezza, yana gyaɗa kai.

"Na ce kada a sare!"

"A sare."

"Yaron nan lafiyarsa ƙalau?" ta tambaye ni ta gefen kafaɗarsa. "Wuyansa me ya same shi?"

"Kwas ya je," na ce.

"Allah ya ba shi lafiya."

Na yi niyyar duba takardar da ya cike, amma waya ta yi ƙara, kafin in ajiye ya riga ya kai ta tiren masu titi da kansa, har da jan layi biyu a ƙarƙashin *gaggawa*.

Talata da ƙarfe tara Trevor da mutanensa huɗu suka isa ƙofar gidan da injin yanka. Ba su kai ga tayar da shi ba. Misis Farrugia tana ba furanninta ruwa, tiyo na hannunta, kuma ta san abin da ake yi da shi. Ta bi su da ruwa har cikin mota, ta zura bakin tiyon ta taga. Maƙwabta suka fito suna tafi. Wani ya kawo mata kujera ta zauna a gindin bishiyar, ta ce duk mai son sarewa ya fara da ita.

Trevor ya shigo ofis yana ɗigar ruwa, takalmansa na kuka. Bayansa ma ya riƙe wajen tsallake shinge, yana tafe a karkace, hannu ɗaya a ƙugu.

"Ina Culhane?"

Dezza ya taso da fara'a. Ya dubi Trevor sama da ƙasa, sai ya karkace shi ma, ya sa hannu a ƙugu.

"Kai ka rubuta takardar nan?"

"Takardar nan," in ji Dezza.

"Tsohuwa ta kusa nutsar da ni a cikin motata!"

"Cikin motata."

Trevor ya yamutsa fuska saboda zafin baya. Dezza ya yamutsa tasa. Trevor ya ɗingisa taku ɗaya. Dezza ya ɗingisa taku ɗaya.

"Kwaikwayona kake yi, ɗan banza?"

"Ina tare da kai ne, mutumina. Ina jin abin da kake ji."

"Yanzu kuwa za ka ji."

Ya cakumi kwalarsa ya ɗaga shi har sai da dugadugansa suka bar ƙasa. Da ba don bayan Trevor ya sake riƙewa ba, da mun yi jana'iza a makon. Noeleen ce ta fito da tawul ta ja Trevor ɗakin shayi tana faɗa: "Bijimi ko a ruwa bijimi ne. Zauna nan, kada ka jiƙa mini fayil." Na lura ta kashe na'urar sanyi don kada sanyi ya kama shi, kuma bai ce uffan ba. Kowa a ofis ya lura. Dezza yana gyara kwala yana rubutu: *Trevor ya buɗe mini zuciyarsa. Mutum ne mai rauni.*

Ran Laraba ya ce lokaci ya yi da zai kama babban kifi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Glenys, ya shiga bai jira amsa ba, ya bar ƙofar a buɗe don mu ga aiki. Glenys tana tsaye a taga ta ba shi baya. Gashinta ya rufe ɗan abin wayar nan da take maƙalawa a kunne. Ni na san da likitan dabbobi take magana, don ni na haɗa su, a kan wani bunsuru da take kiwo a bayan gida.

Dezza ya zauna, ya buɗe littafi.

"Na gaji da shi," in ji Glenys, tana kallon waje. "Wari kamar me. Ba ya jin magana. Jiya ya tsallake shinge ya shiga gidan maƙwabciya, a gaban mutane, ko kunya babu."

"Ko kunya babu," in ji Dezza a hankali.

"Na yi haƙuri iya haƙuri. Ran Asabar zan kawo shi a dandaƙe shi kawai, kowa ya huta. A'a, ba sai ya sani ba. Zan sa masa abinci a bayan mota, da kansa zai hau."

Biro ya faɗi daga hannun Dezza. Ya fito da sanɗa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Lorraine," ya ce, "Keith."

Keith mijin Glenys ne, mutum shiru-shiru mai sayar da abincin dabbobi a babban titi.

"Dezza, ba da kai take ba. Waya take, kuma bunsu—"

"Na sani, na sani, abin da ban tausayi. Amma kin ga ƙarfin dabarar? Ko kallona ba ta yi ba ta amayar da sirrin aurenta."

Da tsakar rana ya tafi shagon Keith. Abin da ya faru can a bakin mai karɓar kuɗin shagon na ji, kuma zuwa yamma duk gari ya ji. Dezza ya kama hannun Keith da hannu biyu, a gaban makiyaya uku da suka zo sayen dusa, ya ce masa: "Ɗan'uwa, ni ba ruwana da abin da ya haɗa ka da maƙwabciya. Amma ran Asabar, komai daɗin abincin da ka gani a bayan mota, kada ka hau."

Ƙarfe biyu Keith ya shigo ofis, hula a hannu, ya wuce ofishin matarsa. Muka kasa kunne. Sai muka ji dariyar Keith, wadda ban taɓa ji ba tun da na san shi. Sai muka ji muryar Glenys, ita kuwa ba dariya a cikinta.

"Desmond! Shigo nan!"

Minti goma ya yi a ciki. Har kanta nake jiyo kalmomi irin su "aurena", "gari guda", da "wuyanka". Ya fito yana share gumi.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikaci irina ba."

Alhamis ya zo da sabon shiri. Ya ce mutane sun fara gane ƙarfinsa, shi ya sa da ya doso sai kowa ya tashi ya tafi banɗaki. Tun da ba sa son a saurare su a fili, zai saurare su a ɓoye. Ya lura Noeleen da Trevor suna shiga ɗakin fayil tare kullum ƙarfe sha ɗaya, su rufe ƙofa.

"Abokan gaba ba sa rufe ƙofa sai da ƙulli," ya ce.

"Ko kuwa ba abokan gaba ba ne. Dezza, tun bikin Ista Trevor yake cin abincin rana daga kwanon Noeleen. Ka dubi zoben da ke yatsanta na hagu mana."

"Na hagu mana," in ji shi, idonsa na kan agogo.

Ofishinmu tsohon ginin katako ne a kan dirkoki, saboda ambaliya. Tsakanin ƙasa da daɓen akwai wurin da mutum zai iya rarrafe, in ba ya ƙyamar yanar gizo. Sha ɗaya saura biyar Dezza ya naɗe hannun riga ya shige ciki ta bayan tankin ruwa, ya ja ciki har ƙarƙashin ɗakin fayil, ya kwanta rigingine ya manna kunne da katako. Abin da bai duba ba shi ne abin da ya kwanta a kai. Gidan cinnaka ne, irin manyan nan da ke tsayawa su dube ka kafin su cije ka.

A yi masa adalci, ya daure minti huɗu. A na biyar muka ji wani abu ya daki daɓe daga ƙasa har kofuna suka yi tsalle. Sai ihu. Sai ga Dezza ya ɓullo ta gaban ofis, ba ta bayan da ya shiga ba, yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kokawa da bel. Wando ya sauka daidai lokacin da motar ɗaukar tsofaffi ta tsaya ta sauke mata tara da suka zo ɗakin karatu. Misis Farrugia na cikinsu.

"Wancan ba shi ne mai ciwon wuyan ba?" in ji ta. "Abin ya sauka ƙasa ke nan."

"Ni na ga waɗanda suka fi wannan," in ji wata, ta gyara tabarau don ta tabbatar.

Na kai masa ruwan maganin ƙaiƙayi, mai ruwan hoda, ya shafa daga idon sawu har bayan kunne. Yana shafawa yana susa, amma idonsa na ƙyalli.

"Na ji komai, Lorraine. Komai."

Ya buɗe littafin. Noeleen ta ce, *Na gama magana da Glenys, gobe wajen shayi za ta sanar.* Trevor ya ce, *To maganar kujerar fa?* Noeleen ta ce, *Kai dai ka bar mini, an riga an sa hannu.* Trevor ya ce, *Dezza fa?* Noeleen ta ce, *Shi kaɗai ya rage bai sani ba a duk garin nan.*

"Daga nan sai suka yi tsaki," in ji shi. "Sau uku. Dogon tsaki, irin na raini."

"Tsaki."

"Tsaki. Kin ga lissafin? Trevor ya ɗauki kujera, Noeleen ta ɗauki makunnin na'urar sanyi. Sun raba ofis kamar gado. Amma gobe, a gaban kowa, zan tona."

"Dezza, don girman Allah ka ba ni daƙiƙa goma. Aure za su—"

"Haɗa kai, na sani."

"Ba tsaki ka ji ba, sumba—"

"Kada ki ji tsoro, ba zan ambaci sunanki ba."

Na rufe bakina. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Juma'a aka taru a babban ɗakin taro, mu arba'in da ɗaya: 'yan ofis, masu titi da rigunansu masu ƙyalli, matan ɗakin karatu, mai kula da wurin ninƙaya. An jera kek mai kwakwa da burodin nama a kan dogon tebur. Dezza ya zauna a sahun gaba, ruwan hoda har kunne kamar alade ya sha wanka, littafi a kan gwiwa. Na zauna kusa da shi don in ga ko zan iya riƙe shi. Ya kafa wa Glenys ido, kansa na sama da ƙasa, leɓunansa na motsi. Jawabinsa yake bita.

"Sanarwa biyu gare ni," in ji Glenys. "Ta farko mai daɗi ce. Noeleen da Trevor za su yi aure a watan Maris."

Ɗaki ya ɗauki tafi da fito. Wani daga cikin masu titi ya yi ihu: "Wa zai riƙe makunnin sanyi a gida?" Noeleen ta ce, "Wanda ya saba." Trevor ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar ɗan maraƙi.

"Kin ji ko?" Dezza ya raɗa mini, bai daina gyaɗa kai ba. "Har 'yan tafi suka yi haya."

"Ta biyu," in ji Glenys, ta ja dogon numfashi. "Bayan biki za su koma bakin teku da zama, don haka su biyun sun janye daga neman kujerar sashe. Saura mutum ɗaya. Na karanta dokar aiki daga farko har ƙarshe. Na buga waya Brisbane sau biyu ko akwai wata mafita. Babu. Saboda haka daga Litinin, Desmond Culhane zai riƙe sashen na wata shida."

Ba wanda ya yi tafi. Mai kula da wurin ninƙaya ya ajiye kek ɗinsa. Na juya in yi wa Dezza murna, na ga leɓunansa suna nan suna aiki: *ya ku abokan aiki, ya ku abokan aiki.*

"Doka ta ce sai na tambaya," in ji Glenys, murya a mace. "Akwai mai ja?"

"Ni!"

Ya miƙe zumbur har kujera ta kife. Na kama gefen rigarsa. Ya fizge.

"Dezza, zauna. Kai aka—"

"Bari, Lorraine, yau ba tsoro. Ya ku abokan aiki! Ina ja, ina ja da babbar murya! Ba zan kama suna ba, a kwas an hana mu kama suna. Amma mutumin nan da aka ambata yanzu bai cancanci riƙe ko tsintsiyar ofishin nan ba!"

Glenys ta dube shi. A hankali ta jawo kujera ta zauna.

"Ci gaba, Desmond," ta ce. "Muna sauraro."

"Mutum ne da ba ya jin maganar kowa sai tasa! Ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne!" in ji ɗaki, baki ɗaya.

Dezza ya ɗan yi turus, bai zaci goyon baya da wuri haka ba. Ƙirjinsa ya ƙara buɗewa.

"Mutum ne da saura ƙiris ya sare bishiyar tsohuwa, bishiyar da mijinta marigayi ya dasa da hannunsa!" Ya jefa wa Trevor harara.

"Wannan ni shaida ne," in ji Trevor.

"Au, ka ma amsa! Mutum ne mai bi ta ƙarƙashin ƙasa don ya samu muƙami!"

"Da idona na ga fitowarsa," in ji wata daga ɗakin karatu, hawaye na zubo mata.

"Ga cika baki, kai kuwa fanko! In aka ba shi sashen nan, wata ɗaya ya yi yawa, sai mun nemi ofis mun rasa. Ba don kaina nake faɗa ba. Ni ko an ba ni ko ba a ba ni ba, duk ɗaya ne a wurina."

"Lorraine, rubuta wannan," in ji Glenys. "Kalma da kalma."

"Ina rubutawa."

"Saboda haka," in ji Dezza, ya hau kan kujerar da ya tayar, "ina kira a ɗaga hannu! Duk wanda bai yarda da naɗin nan ba, hannu sama!"

Nasa ne ya fara tashi. Sauran suka bi kamar an kunna su. Masu titi suka ɗaga bibbiyu. Ni na daɗe ina kallon littafin rubutuna, shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce, amma daga ƙarshe na ɗaga, don kada a ce na raba kan ma'aikata.

Glenys ta ƙirga da yatsa, ba ta yi sauri ba. "Arba'in. Da nawa, arba'in da ɗaya. Desmond, ka tabbata? Ba za ka janye ba?"

"Ko a gaban alƙali!"

"Doka ta ce in aka yi ja, aka kuma goyi baya, naɗi ya rushe, sai a tallata kujerar a jarida. Ban taɓa son wata doka kamar yau ba. Bari in karanta takardar da ka rushe, don a cika ƙa'ida."

Ta warware ta, ta gyara murya. "*Zuwa ga Mista Desmond Culhane. Muna farin cikin sanar da kai...*"

Hannun Dezza yana sama har yanzu. Na ga maganar ta shiga kunnensa na dama, ta tsaya, ta duba wurin, don baƙuwa ce. Kansa ya daina gyaɗawa.

"Wa?" ya ce.

"Kai," in ji mutum arba'in.

"Trevor fa?"

"Aure zan yi, mutumina," in ji Trevor. "An sanar. Kana zaune a gaba."

"Da wa?"

Nan ne ɗakin ya fashe. Mai kula da wurin ninƙaya ya zame daga kujera. Noeleen ta kifa kai a kafaɗar Trevor tana dukan tebur. Wani ya shaƙe da kwakwa sai da aka bubbuga masa baya.

Dezza ya sauko daga kujera. "Glenys, a duba mana. Ai ni ban kama suna ba."

"Ba ka bukata. Kowa ya gane shi daga siffa."

"To na janye."

"Ka ce ko a gaban alƙali."

"Ai ba a kai gaban alƙalin ba!"

Glenys ta dubi takardar naɗin, ta dubi tebur. Kek ɗaya ya rage a faranti. Ta ɗauke shi ta naɗe a cikin takardar, ta lanƙwasa bakin da kyau, ta miƙa masa.

"Ungo. Kada ka ce ka tashi a tutar babu."

Ya karɓa. Ya fita ba tare da ya ce komai ba, abin da ya tsorata ni fiye da duk abin da ya faru a makon. Na yi Asabar da Lahadi ina tunanin ko in buga masa waya.

Ashe wahalar da kaina na yi. Litinin da safe ina buɗe kanta na jiyo muryarsa a baranda. Ya tare mai kawo wasiƙu, ya dafa masa kafaɗa, mutumin yana ta leƙen babur ɗinsa.

"A duk faɗin jihar Queensland," in ji Dezza, "ka nemo mini mutum ɗaya da aka ba shugabanci, da mota, da inuwa, ya miƙe a gaban mutum arba'in ya ce bai yarda ba. Ni kaɗai ne. Ga Lorraine nan, tana wurin. Lorraine, ƙarya na yi?"

Na duba maganar ta gaba, na duba ta ta baya, ina neman inda zan kama shi.

"A'a, Dezza," na ce. "Wannan karon ba ka yi ƙarya ba."